Wutsiyar Ruwa

Bassu mai gyaran keke yana da wani littafin rubutu mai baƙin bango da yake ajiyewa a ƙasan akwatin kayan aikinsa. Kullum bayan Azahar, idan rana ta kori mutane daga titi, sai ya goge hannunsa da tsumma, ya ciro littafin, ya rubuta abin da ke cin ransa. Aji uku kawai ya yi a makaranta kafin mahaifinsa ya cire shi ya kai shi lambu. Sauran karatun a jikin tsofaffin jaridun da ake naɗo kayan keke a ciki ya ƙarasa shi. Wannan littafin shi ne na tara. Takwas ɗin da suka cika suna gida, a cikin gwangwanin biskit, saboda ɓera.

Dokoki biyu ya kafa wa kansa. Ba ya rubuta abin da bai gani da idonsa ba, kuma ba ya yage shafi ko da abin da ke ciki zai ba shi kunya. Ya taɓa cika shafi shida a kan yadda tururuwa ke gane hanyar gida, ya yi wata guda yana tambayar kansa ko mutumin da ya yi alheri bisa kuskure yana da lada. Matarsa Ijja ba ta ganin amfanin ko ɗaya.

"Malam mai tambaya," haka take ce masa idan ta kawo masa gurasa da man zaitun. "Yau kuma wa ake wa shari'a, jaki ko ƙuda?"

A farkon bazarar nan ya buɗe sabon shafi da tambayar da ya daɗe yana jin daɗinta: me ya sa dabinonsa ya fi na kowa kyau a Tinzalt? Shekara bakwai ke nan gari yana kukan idon ruwa ya ja baya. Lambun maƙwabcinsa Hammu ya yi fari, rumman ɗinsa na zubar da 'ya'ya tun suna ƙanana. Na Bassu kuwa kore shar, har ya dasa sababbin dabinai goma sha ɗaya a ƙarshen fili, Ijja ta shuka karas da albasa da na'a-na'a a gindinsu. Ya rubuta dalilai uku. Kashin tattabaru da yake zubawa, zurfin da yake yi wa rami, da kuma hannu, don mahaifinsa ma mai albarkar hannu ne.

Ruwan Tinzalt da tasa ake raba shi tun kaka da kakanni. Tasa ce ta jan ƙarfe mai ɗan ƙaramin rami a gindi. Ana ɗora ta a kan ruwan baho, ruwa ya riƙa shiga ta ramin har ta nutse, mai tasa ya ƙulla ganyen dabino ƙulli ɗaya, ya tsamo ta ya sake ɗorawa. Ranar Talata ce ta unguwarsu Bassu, tasa arba'in da takwas tsakanin lambuna goma sha huɗu, ana farawa da fitowar rana. Lambun Bassu ne na ƙarshe, kuma a al'ada duk ruwan da ya biyo bayan ƙullin ƙarshe har zuwa kiran Magariba na lambun ƙarshe ne, saboda doguwar hanyar ruwa tana shanye wani abu kafin ya iso. Shi ake kira wutsiyar ruwa.

Mai tasa shi ne Da Addi, wato Baba Addi a harshen garin, tsoho ɗan shekara saba'in da wani abu. Shekara talatin da ɗaya yana zaune a inuwar katangar masallaci da bahonsa, ba a taɓa kama shi da ƙulli ɗaya na son kai ba. Gidansu ke riƙe da tasar tun zamanin kakansa.

Wata Talata Bassu ya je ya gaishe shi, ya tarar ya ɗora tasa yanzu-yanzu. Sai ya tuna mahaifinsa yana cewa tasa ɗaya tafiya ce daga katangar masallaci zuwa bakin idon ruwa, ka wanke fuska, ka dawo. Don sha'awa kawai ya tafi. Kafin ya dawo tasa ta nutse, ta biyu ma ta sha ruwa kusan rabi.

Da rana ya rubuta: "Ko dai ni na tsufa ƙafata ta yi nauyi, ko tasa ta yi sauri. Shekarata hamsin da huɗu. Baba yana da sittin yana yin tafiyar nan da sanda."

Talatar da ta biyo ya ƙi komawa shago. Ya zauna a bakin lambunsa ya ga lokacin da aka yi ƙullin ƙarshe. Ko awa ɗaya ba a yi da sallar La'asar ba. Daga nan har Magariba ruwa yana ta kwarara cikin lambunsa, ba mai ƙirga masa. A zamanin mahaifinsa wutsiyar ruwa ba ta wuce a dafa shayi a sha kofi uku, da sanyi ma sau da yawa babu ita sam. Ba wanda ya lura, domin kowa idan aka toshe nasa ya yi tsaki, ya zagi fari, ya tafi gida.

Ranar Juma'a da safe ya ga sauran. Da Addi yana wanke tasa kamar yadda ya saba, da lemun tsami da toka, sannan ya ciro wata siririyar waya daga aljihun jallabiyarsa ya zura a ramin, ya murza, ya sake murzawa, don fitar da gansakuka. Bassu ya gane wayar. Shi ya yanke ta daga ƙafar keke, ya fiƙe bakinta, ya ba tsohon shekara bakwai da suka wuce, lokacin da ya ga idonsa ya yi rauni yana fama da ƙayar dabino tana karyewa a cikin ramin. Ƙaya ba ta cin jan ƙarfe, waya kuwa tana ci, kaɗan-kaɗan, duk Juma'a.

Ranar bai yi facin taya ko ɗaya ba. Ya rubuta abin da ya gani daki-daki, ya ja layi a kan dalilansa uku ba tare da ya goge su ba. Da yamma ya ɗauko gwangwanin biskit ya bi littattafan shekara bakwai shafi-shafi. Ya sami tururuwa, ya sami launin ƙwan tattabara, ya sami doguwar muhawara a kan ko ya halatta a yi wa majinyaci ƙarya. Bai sami kalma ɗaya a kan wutsiyar ruwa ba, alhali duk Talata yana tsaye a cikinta har idon sawu. Wannan ya fi wayar damunsa. Ya ƙara a ƙasan shafin: "Wayar ban ba shi da wata manufa ba, wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne yaushe idona ya fara ganin wutsiya ta yi tsawo, kuma me ya hana hannuna rubutawa."

Ya karanta wa Ijja bayan sun ci abinci. Ta ajiye butar shayi ta dube shi.

"To, sai me?"

"Ruwan mutane muke sha, Ijja."

"Ka je ka sata ne? Al'ada ce ta ba ka. Kai ka ce a sa lambunmu a ƙarshe? Shekara nawa uwarka tana ɗebo ruwa a tulu saboda wutsiyar ba ta kai ko'ina, wa ya zo ya yi mata jaje?"

"Wannan daban ne."

"Komai a wurinka daban ne. Da ka tsaya a kan tururuwarka da mun zauna lafiya." Ta zuba shayin daga sama har ya yi kumfa. "Kuma ka san abin da za a ce. Za a ce kai ka ba tsoho waya don ramin ya buɗe. Hammu ma ya ishe ka, bakinsa ba ya rufuwa ko yana barci. Ga Da Addi, mutumin da ya wanke gawar ubanka. Shi za ka tsayar a gaban jama'a?"

Nan ne gizo ke saƙar, kuma Bassu ya sani. Maƙerin da ya ƙera tasar guda biyu ya yi, iri ɗaya. Ɗayar, wadda ake kira uwar tasa, tana kulle a akwatin masallaci. Duk wanda ya zargi rabon ruwa yana iya neman a fito da ita a gwada. Idan suka nutse tare, mai zargi ya yanka rago ya ciyar da gari, a hana shi ruwa zagaye ɗaya. Idan suka bambanta, mai tasa ya ajiye aiki a ranar, kuma gidansu ba ya sake riƙe ta har abada. Tun da aka haifi Bassu ba a taɓa buɗe akwatin ba.

Kwana huɗu yana juya maganar a littafi. Ya rubuta cewa zai iya karɓe wayar a ɓoye, amma ramin ya riga ya buɗe. Ya rubuta cewa zai iya toshe lambunsa da La'asar ya bar ruwa ya bi rairayi, amma wannan bai mayar wa Hammu komai ba, sai dai shi ya ji ransa ya yi sanyi. A kwana na biyar ya sa littafin a aljihu ya tafi katangar masallaci. Ranar ta wata unguwa ce, ba kowa a wurin sai tsohon da bahonsa.

"Sannu da aiki, Da Addi."

"Ɗan Lahsan, yau ba keke? Zauna. Ko ka zo ka sake tsere da tasata? Na gan ka ran nan kana haki kamar tsohon jaki."

Bassu ya zauna, ya jira tasa ta nutse aka yi ƙulli, sannan ya ce yana so ya karanta masa wani abu. Ya karanta duka, har da layin ƙarshe. Tsohon bai katse shi ba. Idonsa na kan tasa, da ta nutse ya ƙulla, ya sake ɗorawa.

"Wa ya ji wannan?"

"Ijja kawai."

"Yage shi."

"Ba na yagewa, Da."

"Ba ka yagewa." Tsohon ya gyaɗa kai. "Ni na yi maka kiran salla a kunne ranar da aka haife ka, ubanka yana can kan dabino bai ma sani ba. Yau kai ne ka zo da biro za ka auna ni. Shekara talatin da ɗaya, ko kofin shayi ban taɓa karɓa a hannun mai jiran ruwa ba."

"Ban ce ka ci amana ba. Wayar tawa ce, ruwan ma ni na sha."

"Akwatin masallaci ba ya tambayar wayar wa ce. Tashi ka ba ni wuri, kana sa ni ɓata ƙirga."

Bassu ya tashi. Ya mayar da littafin aljihu, ya koma shago.

Ranar Juma'a bayan salla, lokacin da maza ke zama a harabar masallaci don maganar gari, Bassu ya miƙe da littafinsa. Wasu suka fara dariya, wani ya ce a gyara zama, yau za a ji labarin tururuwa. Ya karanta shafin kamar yadda ya rubuta shi, bai tsallake wayar ba. Da ya gama ya ce shi ba ya neman a buɗe akwati, ba ya zargin kowa. Abin da ya zo faɗa shi ne daga Talata mai zuwa ya yafe wutsiyar ruwa, a mayar da ita lambun farko a bi layi har inda ta tsaya.

Hammu ya miƙe tun kafin ya zauna.

"Ya yafe! Ku ji mini mai kyauta! Shekara bakwai rumman ɗina na mutuwa, kana zuwa kana ce mini in zuba kashin tattabaru. Har buhu guda ka kawo mini, munafuki! Kai ka ba makaho waya, kai ke ƙarshen layi, yanzu ka zo kana karanta mana wa'azi?"

"Hammu, tausasa harshe, a masallaci kake," in ji Liman.

"Ba zan tausasa ba, Malam. In shi ba ya nema, ni ina..."

"Ni nake nema."

Da Addi ne. Bai ɗaga murya ba, bai ma miƙe ba, yana zaune da tasar a cinyarsa. "Malam, a buɗe akwati. Ni Addi ɗan Mbarek nake neman a fito da uwar tasa. Na riga Hammu, kowa ya ji."

Liman ya dubi dattawan da ke gefensa, su ma suka dube shi. Sai da aka aika gidan Liman aka yi ta neman makullin, daga baya aka same shi a cikin tsohuwar jakar mahaifinsa. Uwar tasa ta fito a naɗe cikin ƙyalle, ta yi kore saboda daɗewa. Aka wanke ta da ruwa kawai, aka kawo baho biyu, Liman ya ɗora tasoshin biyu a lokaci guda. Tasar Da Addi ta nutse, ta zauna a gindin baho, uwar tana nan a sama da sauran wajen yatsa biyu. Mutane suka tsaya suna kallonta har ita ma ta tafi.

Da Addi ya ciro wayar daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya ɗora tasar kusa da ita.

An kai La'asar ana gardama. Hammu da mutum uku suka ce al'ada a fili take. Wani dattijo ya ce al'ada ta yi maganar mai tasa da aka kama, ba ta ce komai ba a kan mai tasa da ya nemi a gwada shi, don ba a taɓa yi ba. A ƙarshe Liman ya yanke cewa Da Addi zai ci gaba da uwar tasa har a gama girbin dabino, sannan ya miƙa wa ɗan ƙaninsa mai lafiyar ido, a kuma kai wa maƙeri a birni ya ƙera wata a kulle a akwati. Ba waya, ba allura, ƙayar dabino kawai. Game da Bassu, ba a hukunta shi ba, ba a kuma wanke shi ba. An ce wutsiya ta koma yadda uwar tasa ta bar ta.

Ta kuwa koma. Talatar farko ƙullin ƙarshe ya zo ana shirin kiran Magariba. Kafin ƙarshen bazara bakwai daga cikin sababbin dabinan sun bushe, karas da albasar Ijja suka tafi tun kafin su. Ta bar na'a-na'a a cikin tsohon bokiti a tsakar gida, tana ba ta ruwan wanke-wanke, ta yi sati biyu ba ta ce masa malam mai tambaya ba, ba ta kuma ce masa komai ba sai abin da ya zama dole. Hammu ya koma kai kekensa gyara ƙauyen gaba, yana tura shi da ƙafa. Rabin gari suka tsaya a kan cewa da gangan Bassu ya yi, tsoron Allah ne ya kama shi daga baya. Da Addi kuwa idan ya gaishe shi sai ya amsa yana kallon baho.

Bayan girbi, wata rana da Azahar, Bassu yana rubutu sai inuwa ta rufe ƙofar shago. Tsohon ne da sanda, da wani abu a naɗe a hammata.

"Har yanzu kana abin nan?"

"Ina yi, Da. Shigo, ga kujera."

"Ba zama na zo ba." Ya kwance ƙyallen ya ajiye tsohuwar tasar a kan akwatin kayan aiki. "Liman ya ce in jefar. Kakana ya riƙe ta, ba zan jefar ba, ba kuma zan iya kallonta a ɗakina ba. Zuba ƙusoshinka a ciki." Ya juya zai fita, sai ya tsaya. "Tambayar nan taka ta ƙarshe, wai yaushe idonka ya fara gani. Ka samo amsa?"

"Ban samo ba."

"Ni shekara uku ke nan ina tashi daga katanga rana tana sama. Sai in ce wa kaina kwanakin ne suka yi tsawo." Ya gyara riƙon sandarsa. "Rubuta wannan ma, tunda ba ka yagewa. Amma ka rubuta sunana daidai, Addi ɗan Mbarek."

Ya fita. Bassu ya rubuta kamar yadda aka faɗa masa, da sunan da ranar. Sannan ya ɗauki tasar ya ɗaga ta wajen ƙofa, ya leƙa ramin, ya kwashe ƙananan ƙusoshin da ke warwatse a kan tebur ya zuba a ciki. Biyu suka zube ta ƙasa. Ya tsince su, ya yanko ɗan guntun roba ya toshe ramin, ya jawo keken da ke jiran faci.